Tsamin Baki da Na'urar Eko: Idan Yaro Ya Ga Harshensa

Ka ce "kaka" a hankali, sannan ka faɗa wa na kusa da kai wane yanki na harshenka ne ya tashi, kuma ina ya taɓa. Yawancinmu sai mun maimaita kafin mu iya ba da amsa, amsar ma rabinta kintace ne. Tun muna goye muke furta wannan sauti, amma ba mu taɓa ganin yadda ake yin sa ba. Duk da haka, idan yaro ya kai shekara takwas yana cewa "tata" a maimakon "kaka", ko "dida" a maimakon "gida", sai a tsaya a kansa ana "buɗe baki ka faɗa daidai", ana ƙara ɗaga murya sai ka ce kurma ne. Sau da yawa kuwa ya ji sarai. Abin da ya gagare shi shi ne sanin yadda zai yi da tsokar da ke cikin bakinsa, mai gyara masa kuma ba shi da hanyar nuna masa.

Malaman tajwidi sun daɗe da sanin inda gizo ke saƙa. A ƙidayar Ibnul Jazari, mafitar haruffan Larabci 17 ce. Biyu kacal ke leɓe, goma suna kan harshe, ragowar suna maƙogwaro da hanci da sararin baki. Malam zai iya nuna wa almajiri ba da mim da leɓensa, yaro ya kalla ya kwaikwaya. Da an zo kan ƙaf da kaf sai kwatance: "can ƙuryar harshe", "ɗan matso gaba kaɗan". Yawancin yara suna kamawa da maimaici. Akwai kuma wanda za a shekara ana yi masa kwatancen bai kama ba, kuma ba taurin kai ba ne. Saboda irin wannan yaron aka ƙirƙiro hanyar nuna wa mai magana abin da harshensa ke yi, a allon na'ura, a daidai lokacin da yake yin sa.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1872 wani likitan haƙori a Landan, Oakley Coles, ya shafa wa rufin bakinsa kwaɓin fulawa da ƙaro, ya furta sauti, sannan ya duba inda harshe ya goge. Matsalar wannan dabara ita ce sai an gama magana ake ganin hoton. Abin da ya sauya lamarin shi ne samun hoton da ke motsi tare da harshen, yadda yaro zai gwada, ya gani, ya gyara, tun numfashinsa bai ƙare ba.

Na'urorin da ake amfani da su yau iri uku ne. Ta farko ganɗar roba ce siririya, wadda Turawa ke taƙaita sunan aikinta da EPG. Likitan haƙori zai ɗauki ma'aunin rufin bakin yaro, a ƙera masa faranti da zai maƙale a haƙoran sama. A samfurin da aka ƙago a Jami'ar Reading ta Ingila, akwai ɗigon ƙarfe 62 a jikin farantin, a jere sahu takwas, daga hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran sama, har zuwa bakin hanɗa, wato ɓangaren rufin baki mai laushi da ke can ƙurya. Duk ɗigon da harshe ya taɓa sai gurbinsa ya haskaka a kwamfuta. Sautin "t" yakan fito da toshiya a sahun gaba, "k" a sahun baya, "s" kuma da 'yar siririyar hanya a tsakiya inda iska ke bi. Da wannan na'ura Fiona Gibbon ta nuna a 1999 cewa da yawa daga yaran da tsamin baki ya daɗe musu ba sa raba aikin tsinin harshe da na ƙuryarsa, duka harshen suke ɗagawa su manna a rufin baki gaba ɗaya. Kunne zai ji wani abu mai kama da "t" yau, gobe mai kama da "k", a ce yaron yana ruɗewa, alhali motsi ɗaya yake yi kullum. An kuma gano yaran da ke bambanta sautuka biyu a bakinsu, amma bambancin ya yi ƙanƙantar da kunnen babba ba ya kama shi. Wannan binciken ya fi na'urar kanta amfani a gare mu mutanen Arewacin Kamaru da Cadi, domin ita na'urar ta yi mana nisa: kowane yaro da farantinsa, kuma da ya yi famfara ko muƙamuƙinsa ya ƙara girma, farantin ya tashi aiki.

Ta biyu kuwa mun san ta, sai dai ba a wannan aiki ba. Ita ce na'urar da ake duba ɗan tayi a cikin mai juna biyu, wadda a Garwa da Marwa da Injamena muke cewa eko. Kan nan da ake shafa wa mai a ɗora a ciki, shi ake ɗorawa a ƙarƙashin haɓa. Yana aika sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, sautin ya ratsa tsoka, da ya iske iskar da ke saman harshe sai ya dawo. Wannan iyakar tsakanin tsoka da iska ita ke fitowa a allo kamar farin layi mai lanƙwasa, tsinin harshe a gefe guda, tushensa a ɗaya gefen. Idan aka juya kan na'urar a karkace, sai a ga harshen ta fuskar gaba, a ga ko tsakiyarsa ta yi kwari ko gefunansa sun tashi, abin da ake buƙata wajen gyaran "s" da ke zubowa ta gefen baki. Thomas Shawker da Barbara Sonies sun ba da rahoton gwada ta wajen koyar da furuci a Amurka tun 1985, amma sai a shekarun 2000 aikin ya kankama, a hannun irin su Barbara May Bernhardt da Bryan Gick a Kanada, da masu bincike na Jami'ar Queen Margaret a Edinbura.

Ba komai take nunawa ba. Ƙashin haɓa yakan jefa inuwa a kan tsinin harshe, wani ɗan ƙashi da ke maƙogwaro ya rufe tushensa. Rufin baki ma ba ya fitowa, sai an ba yaro ruwa ya kurɓa ya haɗiye, a bi sawun ruwan a zana layin ganɗa a kan allo. Daga nan aikin yake farawa. Mai gyaran furuci zai ɗora na'urar a haɓarsa shi kansa tukuna, ya ce "ka", ya ce "ta", yaro ya ga tudun harshe yana tashi a baya, sannan a gaba. Sai a mayar wa yaron: "Ɗana, ka ga farin layin nan? Harshenka ne. Kar ka ce komai tukuna. Ka kai mini tudun nan inda na sa alama." Yaro yakan ɗauki lokaci yana lalube, ya yi gaba ya yi baya. Ranar da tudun ya isa alamar, aka ce masa ya saki iska, sai "k" ta fito, wani lokaci karo na farko a rayuwarsa.

Ta uku ba ta nuna harshe, sauti take zanawa. Ana magana a makirfon, kwamfuta ko waya ta fitar da zane mai tuddai, kowane tudu yana wakiltar inda murya ta fi ƙarfi. A Amurka Tara McAllister ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun gina manhajar staRt a kan wannan, don gyaran "r" ta Ingilishin Amurka, wadda alamarta ita ce tudu na uku ya sauko ƙasa sosai. Yaro zai riƙe sautin yana juya harshensa har tudun ya sauko kan alamar da aka sa masa.

Me ya sa gani ke taimakawa? Magana aikin gaɓa ce da ake koya da maimaici, kuma mai koyo yana dogara da labari iri biyu: na sakamako, wato "ya yi" ko "bai yi ba", da na yadda aka yi motsin. Iyaye da malamai na farkon kawai suke iya bayarwa. Yaron da ya shekara shida ko bakwai yana furta sauti a karkace kuma, kunnensa ya riga ya saba, abin da yake faɗa shi yake ji a matsayin daidai. Allon yana ba shi shaida ta uku da ba ta biyo ta kunnen da ya saba ba. Amma a nan ne kuma tarkon yake. Masana koyon motsi sun nuna tun shekarun 1980 cewa jagora idan ta yi yawa, mai koyo yakan jingina da ita, da an janye ta sai ya koma gidan jiya. Kamar mai koyon keke ne da aka riƙe masa sirdi: riƙon ne ya sa ya hau, riƙon ne kuma zai hana shi iyawa idan ba a saki ba. Saboda haka ƙwararren da ya san aikinsa, da sauti ya samu sai ya fara juya allon gefe. Yaro ya faɗa sau goma ba ya kallo, a tambaye shi shi da kansa wanne ya ji ya yi daidai. Daga sauti a tafi gaɓa, daga gaɓa a tafi kalma, sannan jimla, sannan hira. Muna cewa gani ya kori ji, amma a wannan aiki ganin ɗan aike ne, ji ne zai zauna da yaron a kasuwa da aji. Samo sautin kan ɗauki zama kaɗan. Shigar da shi cikin maganar yau da kullum shi ne doguwar tafiyar, kuma na'ura ba ta da hannu a yawancinta.

Game da hujja, gara a faɗi yadda take. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta fitar a 2009 a kan amfani da ganɗar roba ga masu tsagar ganɗa, wato waɗanda aka haifa da rufin baki a tsage, ta sami gwaji ɗaya tak da ya cika sharuɗɗanta, ta ce bai isa a yanke hukunci ba. Bitar da Eleanor Sugden da Joanne Cleland da abokan aikinsu suka fitar a 2019 a kan eko ta tarar da cewa mutanen da aka yi wa aikin a duk binciken da aka buga ɗari ne da 'yan kai, galibi a ƙananan gwaje-gwaje na yara ƙalilan. Sakamakon yana da daɗin ji, sai dai ba iri ɗaya ba ne: wasu yaran sun gyaru sarai, wasu sun samu sautin a ɗakin gwaji bai bi su gida ba, wasu ko gezau. A 2025 McAllister da Jonathan Preston da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon wani gwaji mafi girma, na yara 108 'yan shekara 9 zuwa 15, inda waɗanda aka nuna wa allo suka fi saurin kama "r" a zaman farko-farko, fiye da ninki biyu. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma a lura da abin da aka auna: sauti ɗaya, na harshe ɗaya, a matakin farko. Duk wanda ya ce maka na'ura na warkar da tsamin baki, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Kafin ma a kai ga na'ura, akwai tambayoyin da suka riga ta, kuma a yankinmu su ne suka fi yawan yara. Ta farko shekaru. Sharynne McLeod da Kathryn Crowe sun tattara bincike a kan harsuna 27 a 2018, suka ga cewa yawancin baƙaƙe yaro ya mallake su kafin ya wuce shekara biyar, irin su "r" da "s" ne ke zuwa a ƙarshe. Ɗan shekara uku da ke cewa "luwa" ko "yuwa" ba shi da wata matsala, a ƙyale shi. Wanda haƙoran gabansa suka zube "s" ɗinsa ta lalace, a jira su fito. Allon ma ba ya amfanar ƙaramin yaro, domin sai ya iya fahimtar cewa farin layin nan shi ne abin da ke bakinsa, ya kuma iya zama wuri ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba kafin shekara shida ko bakwai.

Ta biyu kunne. Arewacin Kamaru da Cadi suna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, shi ya sa aka yi babban rigakafin MenAfriVac a ƙasashen biyu a ƙarshen 2011. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau mai ƙwayar bakteriya suna saura da tabo, kuma raunin ji na daga cikin na gaba-gaba. Ga ƙyanda, ga hangum, ga kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana ɗiga masa abin da aka samu. Iyaye kan ce "ai yana ji, da an kira shi yake waiwayowa". Jin kira daban, jin "s" da "sh" da "ts" daban, domin su sirara ne, kuma su ne raunin ji ke fara cinyewa. Yaron da ba ya jin sauti, ko an nuna masa harshensa, ba shi da abin da zai riƙe idan an kashe allo.

Ta uku rufin baki. Yaron da aka haifa da tsagar leɓe kowa ya gani. Tsagar ganɗa kuwa tana ciki, akwai ma wadda fata ta lulluɓe, ba a gane ta sai magana ta fara fita ta hanci. Gwajinta na farko bai wuce ƙaramin madubi ba: a tara shi a ƙarƙashin hancin yaro, a sa shi ya ce "baba", "kaka", "sisi", kalmomin da babu "m" ko "n" a ciki. Idan madubin ya yi hazo, iska na zurarewa ta hanci. A zafin Garwa na watan Maris sai an sanyaya madubin tukuna, in ba haka ba ba zai nuna komai ba. Idan hanɗa ba ta rufe hanyar hanci, babu atisayen da zai rufe ta, aikin likitan tiyata ne. Bayan tiyatar ne eko ke da rana, domin irin waɗannan yara sun saba ja da sautukan gaba zuwa ƙuryar baki ko maƙogwaro, kuma wannan sabo da suka yi ba ya tafiya da ɗinki.

A nan dole a taɓo wanzamai, ba don ɓata sana'ar kowa ba. A gidaje da yawa, da an ga maganar yaro ba ta fita, sai a ce belu ne ko linzami, wato tantanin da ke ɗaure ƙasan harshe. Cire belu ba ya sauya komai a motsin harshe, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Akwai ma wata asara da ba a lura da ita: belu mai reshe biyu na daga cikin alamomin da likita ke gane ɓoyayyar tsagar ganɗa da su, idan an yanke shi alamar ta tafi. Linzami kuwa akwai shi da gaske, amma yaron da tsinin harshensa ke iya kaiwa hanƙa yana da abin da "t" da "d" da "n" da "l" suke buƙata. Wanda kuma "k" ce ta gagare shi, matsalarsa na can ƙurya, inda aska ba ta da aiki.

Akwai kuma yaron da bakinsa lafiya lau, yana iya cewa "k" idan an ce ya kwaikwaya, amma a cikin magana "t" yake sawa. Wannan ba motsi ya rasa ba, tsarin sautukan ne bai gama rabuwa a kansa ba. Maganinsa wasa ne da kalmomi masu kama da juna: a ajiye hoton kaya da na taya, a ce ya umarci babba ya ɗauko ɗaya. Ya ce "taya" yana nufin kaya, a miƙo masa taya. Haka kura da tura, gama da dama. Ba a buƙatar lantarki. In'ina kuwa wani babi ne dabam, ba ta cikin wannan magana.

Idan aka tace duk waɗannan, waɗanda suka rage su ne 'yan na'ura: yaro ɗan makaranta, mai ji, mai lafiyar ganɗa ko wanda aka riga aka ɗinke, wanda aka yi ta fama da shi ta hanyar kunne da kwatance sauti ɗaya ko biyu suka ƙi samuwa. Ba su da yawa, amma su ne ake yi wa dariya a aji, su ne ke daina ɗaga hannu.

To, a nan ne nake ganin babban giɓin yake, kuma ba na kuɗi ba ne. Allo yana nuna inda harshe yake, ba ya faɗin inda ya kamata ya kasance. Wannan alamar mutum ne ke sa ta, daga saninsa na harshen da yaron ke magana da shi. A cikin harsuna 27 da McLeod da Crowe suka tattara babu Hausa, babu Fulatanci, kuma kusan duk abin da aka gwada da eko a kan Ingilishi aka gwada shi.

Ɗauki "r". Ta Amurka sauti ce da ake iya ja a riƙe, shi ya sa yaro ke samun sararin kallon tudu yana saukowa. Hausa tana da "r" biyu da rubutu bai raba ba: ra-kaɗe ta baran sarki, inda harshe ke naɗewa baya ya kaɗo gaba sau ɗaya, da ra-gare ta barar almajiri, inda tsinin harshe ke bugun hanƙa ko ya karkaɗa a kanta. Dukansu ƙiftawar ido ne, kuma a tsinin harshe ake yin su, wurin da ƙashin haɓa ke rufewa. Manhajar da aka gina don "r" ta Amurka ba ta da abin da za ta ce a kansu. Eko zai iya nuna naɗewar da ke gaban ra-kaɗe, da yadda jikin harshe ke zama kafin ra-gare, amma sai wani ya fara duba bakin masu lafiya ya san me ake nema.

Ɗauki kuma "k" da "ƙ". A wajen harshe kusan abu ɗaya ne, ƙuryarsa ce ke toshe hanɗa. Bambancin yana maƙwallato: wajen "ƙ" yakan rufe, maƙogwaro ya yi sama ya matse iskar da ke tsakani, sai ta fashe. Haka "ts". Wajen "ɓ" da "ɗ" kuma maƙogwaron ƙasa yake yi. Na'urar da ke kallon harshe ba za ta nuna wannan ba. Yatsan yaro a kan zakaran wuyan malaminsa, sannan a kan nasa wuyan, ya fi ta aiki.

Sai tambayar da ta fi duka wuya: Hausar wa za a sa a matsayin alama? Yaron Garwa yana jin Hausa a gida, Fulatanci a layi, Faransanci a makarantar boko, Larabcin Alƙur'ani a makarantar allo. Na Kusuri da Injamena Larabcin Cadi ne a layinsu. Fulatanci yana da "ɓ" da "ɗ" amma ba shi da "ƙ" da "ts", saboda haka mutane da yawa a nan "kasa" suke cewa inda Bakano zai ce "ƙasa", kuma "r" ɗaya suke amfani da ita a ko'ina. Yaron da ya tashi yana faɗin abin da uwarsa da maƙwabtansa ke faɗa ba shi da tsamin baki, karin harshen garinsu yake yi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Hausa ba ta raba "p" da "f", Fulatanci ya raba. Sai ka ga ɗan Bahaushe shi kaɗai a aji yana cakuɗa su a Faransanci, malami ya ɗauka lalura ce. "R" ta Faransanci ma biyu yake ji: ta maƙogwaro a talabijin, ta tsinin harshe a bakin malamai da yawa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce lalura ta gaskiya tana bayyana a duk harsunan yaro, har da na uwa. Wanda aka auna da jerin kalmomin Faransanci kaɗai, wanda aka tsara don yaran Faransa, ana iya ɗora masa ciwon da ba shi da shi, ko a sallame shi da wanda yake da shi.

Masu sana'ar kuwa, waɗanda a Faransanci ake kira ortofonis, 'yan kaɗan ne, kuma a Kamaru galibinsu suna Yawunde da Duwala. Sai a 2003 aka buɗe sashen koyar da ita a makarantar ma'aikatan lafiya ta ENAM da ke Lome a Togo, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu Faransanci suka riƙa zuwa. Aikin eko a binciken da aka buga galibi zama goma ne zuwa ashirin, sau ɗaya ko biyu a mako. Mutumin Marwa da zai bi mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa na kilomita fiye da 600 kafin ya isa Yawunde, ba zai yi wannan zirga-zirga ba, kuma ba a ce ya yi ba.

Abin da ya sa ban ɗauki maganar a matsayin labarin ƙasashen waje ba shi ne na'urar tana nan. Manyan asibitocinmu da ɗakunan haihuwa masu zaman kansu da yawa suna da eko, yanzu har akwai ƙananan da ake jonawa da waya. Kan da ake duba ciki da shi ya ɗan yi wa haɓar yaro girma, ƙaramin mai lanƙwasa da ake duba kan jarirai da shi ya fi dacewa. Ba ta da hasken da ke cikin hoton ƙashi, ko da yake ƙa'ida ita ce a rage ƙarfinta, a ɗaga ta daga jiki idan ba a kallo. Ma'aikacin eko ya san na'ura amma bai san furuci ba, malamin harshe ya san furuci amma bai taɓa riƙe na'urar ba. Awa biyu na yamma a mako, a ɗaki ɗaya, sun isa su fara.

Kuma aikin farko ba a kan marasa lafiya ba ne. Peter Ladefoged, wanda ya yi aiki a Ibadan ya kuma fitar da bincikensa a kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma a 1964, ya koyar da masu bincike wata dabara mai araha: garin gawayi mai tsabta a kwaɓa da man ci, a shafa a harshe, a furta kalma ɗaya, a sa madubi a baki a ɗauki hoton inda baƙin ya manne. Manhajar Praat ta zana sauti, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Amstadam, kyauta ake sauke ta. Da waɗannan, da aron eko, ɗalibin ilimin harshe a Jami'ar Marwa ko Ngaundere ko Injamena zai iya ɗaukar yara masu lafiyar baki, shekara-shekara daga uku zuwa takwas, ya rubuta lokacin da "k" da "g" ke zama, lokacin da "r" biyun ke rabuwa a bakin masu raba su, da yadda harshe ke tsayawa a kowanne. A ɗauki na Garwa dabam, na Kusuri dabam, a kuma rubuta wa kowane yaro harshen da uwarsa ke yi masa magana da shi a gida.